Janye kayan wasan Mattel a shekarar 2007: abin da ya firgita iyaye da abin da ya raunata yara

A ranar 2 ga watan Agusta na shekarar 2007, kamfanin Fisher-Price, wanda reshe ne na kamfanin Mattel, tare da hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi a Amurka, wato CPSC, suka ba da sanarwar janye kayan wasan yara kimanin 967,000 daga kasuwannin ƙasar. Idan aka haɗa da waɗanda aka kai wasu ƙasashe, adadin ya kai wajen miliyan ɗaya da rabi. Kaya ne iri 83, da yawansu masu siffar taurarin shirye-shiryen talabijin na yara, irin su Elmo da Big Bird da Dora, waɗanda aka fi saya wa yaran da ba su isa shiga makaranta ba. Dalilin janyewar shi ne fentin da aka shafa musu yana ɗauke da dalma fiye da yadda doka ta yarda. Abin da ya ƙara wa sanarwar nauyi shi ne sunan da ke jikin kayan, domin a wancan lokaci Mattel ne kamfanin kayan wasa mafi girma a duniya, kuma an daɗe ana buga misali da shi wajen sa ido kan masana'antun da ke yi masa aiki a ƙetare.

Sanarwar ta zo ne a lokacin da zukatan iyaye suka riga suka yi zafi. A watan Yuni na shekarar, wani kamfani mai suna RC2 ya janye jiragen ƙasa na katako na Thomas & Friends kimanin miliyan ɗaya da rabi, shi ma saboda dalma a cikin fenti. A cikin shekarar kuma an yi ta cece-kuce kan gurɓataccen abincin karnuka da kyanwoyi, da man goge baki, da tayoyin mota, dukkansu masu alaƙa da masana'antun ƙasar Sin. Kusan kashi 80 cikin 100 na kayan wasan da ake sayarwa a Amurka a Sin ake ƙera su, saboda haka duk uwar da ta juya ɗan tsana ta duba ƙasansa, kusan kullum rubutu ɗaya take gani.

Tsoron dalma yana da tushe mai ƙarfi. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da jikin babba, kuma ɗabi'ar yaro ce ya kai duk abin da ya riƙa bakinsa, ya lasa, ya tauna, har fentin ya fara ɓarewa. Idan dalma ta shiga jini tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ta rage kaifin basira, ta kawo ƙarancin natsuwa da wahalar koyo, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu wani ma'auni na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Mafi yawan yaran da suka kamu ba sa nuna wata alama a lokacin, sai bayan shekaru a ga yaro yana ja da baya a aji, kuma da wuya a iya danganta hakan da wani abin wasa da aka riga aka jefar. Amurka ta hana amfani da fenti mai dalma a gidaje da kayan yara tun shekarar 1978, inda ta ƙayyade iyaka a kashi 600 cikin miliyan. Daga baya Mattel ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa a wasu daga cikin kayan da ya janye, dalmar da ke cikin fentin ta kai kashi 110,000 cikin miliyan, wato kusan ninki 180 na abin da doka ta halatta.

Yadda fentin ya kai jikin kayan shi ne sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kamfanin da ya ƙera kayan Fisher-Price ɗin sunansa Lee Der, yana birnin Foshan na lardin Guangdong a ƙasar Sin, kuma ya shafe kimanin shekaru goma sha biyar yana yi wa Mattel aiki. A ƙa'idar Mattel, mai kwangila ba ya sayen fenti sai daga dillalan da aka amince da su, kuma ana sa ran a gwada fentin kafin a shafa. Lee Der ya karɓi fenti daga wani dillali da ya saba hulɗa da shi, dillalin kuma ya sayo sinadarin launi daga wani wuri dabam, sinadarin kuwa mai dalma ne. Masu haɗa fenti suna karkata ga dalma ne saboda tana da araha, tana fito da launi mai sheƙi, musamman ruwan ɗorawa da ja, kuma tana sa fenti ya bushe da wuri. An ƙera kayan tsakanin 19 ga Afrilu da 6 ga Yuli, kusan watanni uku ke nan ana shafa guba ba tare da binciken Lee Der ko na Mattel ya kama ba. Wanda ya fara gano matsalar wani dillali ne a Turai da ya yi nasa gwajin. Tsarin sa idon da ake yabo yana nan a rubuce, amma tsawon shekarun hulɗa ya sa aka dogara da amana, aka bar mai kwangila yana gwada kansa da kansa.

Hukumomin Sin sun dakatar da izinin Lee Der na fitar da kaya. A ranar 11 ga Agusta aka iske ɗaya daga cikin masu kamfanin, Zhang Shuhong, ya rataye kansa a rumbun ajiyar masana'antar, kuma ma'aikata da dama suka rasa abin yi bayan an rufe ta. Ba daidai ba ne a ba da labarin wannan lamari a tsallake wannan mutuwa, domin tana nuna inda nauyin laifin ya fara faɗawa, a kan wanda sunansa bai taɓa fitowa a jikin kwali ba.

Kwana uku bayan haka, a ranar 14 ga Agusta, Mattel ya fitar da sanarwa ta biyu, wadda ta ninka ta farko nesa ba kusa ba. Ɓangare ɗaya nata ya shafi dalma: ƙananan motocin ƙarfe 436,000 masu suna Sarge, waɗanda kamfanin Early Light ya ƙera, ya kuma miƙa aikin fentin ga wani ƙaramin ɗan kwangila mai suna Hong Li Da, shi kuma ya yi amfani da fentin da ba a amince da shi ba. Ɗaya ɓangaren kuwa ba shi da wata alaƙa da fenti. Kayan wasa ne kimanin miliyan 18.2 a faɗin duniya, cikinsu akwai Polly Pocket da Batman da Doggie Day Care da wani samfurin Barbie, waɗanda aka dasa wa ƙananan maganaɗisu masu ƙarfin gaske da ke iya ɓallewa su faɗo.

Haɗarin maganaɗisu na da wuyar fahimta ga wanda bai ji bayaninsa ba. Idan yaro ya haɗiye guda ɗaya, galibi yakan fita ta bayan gida. Idan ya haɗiye biyu ko fiye, musamman a lokuta dabam-dabam, sai su jawo juna daga sassan hanji mabambanta, su matse naman hanjin a tsakaninsu, jini ya daina gudana a wurin, naman ya mutu, hanjin ya huje, ƙazanta ta kwarara cikin ciki. Alamomin farko amai ne da ciwon ciki, waɗanda uwa ko ma likita kan iya ɗauka ɓacin ciki ne na yau da kullum, har lokaci ya ƙure. Wannan haɗari kuma sananne ne kafin shekarar 2007. A watan Nuwamba na 2005 wani yaro ɗan wata ashirin a jihar Washinton ya rasu bayan ya haɗiye maganaɗisun da suka ɓalle daga wani abin wasa mai suna Magnetix, na wani kamfani dabam. A watan Nuwamba na 2006 kuma Mattel da kansa ya janye Polly Pocket miliyan 2.4 a Amurka, bayan yara uku sun sami hujewar hanji har aka yi musu tiyata. Ma'aikatan Sin sun dasa maganaɗisun ne daidai yadda zanen da aka aiko musu ya nuna. Kuskuren yana cikin zanen, kuma a ofishin Mattel aka yi shi.

A farkon Satumba aka yi janyewa ta uku, ta kaya fiye da 800,000, yawancinsu kayan ado na Barbie masu fenti mai dalma. Idan aka tara duka, Mattel ya janye kaya fiye da miliyan 20 cikin makonni biyar, amma waɗanda dalma ta shafa ba su kai miliyan uku ba. Duk da haka, abin da ya zauna a zukatan iyaye shi ne dalma da ƙasar Sin, domin kanun jaridu sun haɗa sanarwar maganaɗisu da ta fenti a jumla ɗaya. Shugaban Mattel, Robert Eckert, ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa a ranar 12 ga Satumba, inda ya nemi afuwa, ya kuma nuna cewa wasu 'yan kwangila ne suka karya ƙa'ida. Kwana tara bayan haka, a ranar 21 ga Satumba, babban jami'in kamfanin mai kula da ayyukan ƙira, Thomas Debrowski, ya zauna a Beijin gaban Li Changjiang, shugaban hukumar kula da ingancin kaya ta Sin, ya nemi gafara, ya kuma amsa cewa mafi yawan kayan da aka janye matsalarsu daga zanen Mattel take. A daidai wannan lokaci wasu malaman jami'a biyu a Kanada, Hari Bapuji da Paul Beamish, suka bi diddigin janyewar kayan wasa kimanin 550 da aka yi a Amurka tun daga 1988, suka gano cewa wajen kashi 76 cikin 100 kuskuren zane ne ya jawo su, yayin da kuskuren masana'anta, wanda fenti mai dalma ke cikinsa, bai wuce kashi 10 ba.

Wannan ba ya nufin iyaye sun yi kuskure da suka ji tsoron dalma. An sha maimaita cewa ba a sami rahoton yaron da fentin ya raunata ba, amma a ganina wannan magana ba ta da nauyin da ake ba ta, tunda illar dalma ba irin wadda ake kai yaro asibiti cikin gaggawa ba ce, balle a rubuta ta a rahoto. Yaron da hanjinsa ya huje ana iya ƙidaya shi, amma wanda basirarsa ta ragu kaɗan ba wanda zai ƙidaya. Matsalar ita ce tsoron ya sa iyaye suka riƙi sunan ƙasa a matsayin ma'aunin lafiya, alhali ɗan tsana mai maganaɗisu mara kyau zai huda hanji ko a ina aka ƙera shi.

Abubuwan da iyaye suka yi a waccan kaka sun nuna ƙarancin abin da ke hannunsu. Wasu sun kwashe duk wani abin wasa mai fenti sun zubar. Wasu sun kai yara gwajin jini, wanda shi ne mataki mafi ma'ana ga duk wanda yaronsa ya tauna ɗaya daga cikin kayan. Wasu sun koma neman kayan da aka ƙera a Amurka ko a Turai, suka iske ba su da yawa kuma suna da tsada, ta yadda masu hali ne kaɗai suka iya wannan zaɓi. Da yawa sun sayi 'yan sandunan gwajin dalma da ake gogawa a jikin kaya a gida, sai ga shi a watan Oktoba hukumar CPSC ta sanar cewa gwajin da ma'aikatanta suka yi ya nuna sandunan ba abin dogaro ba ne, domin sau da yawa sukan nuna babu dalma a inda take. Ita kanta janyewar tana neman uwa ta ji sanarwa, ta gano sunan samfurin, ta duba lambar ranar ƙira a ƙasan abin wasan, sannan ta aika da shi don a ba ta takardar musanya. Amma an daɗe da jefar da kwalin, wani abin wasan kyauta ce daga kaka ko goggo, wani an ba ƙanen maƙwabci, wani kuma yana shagon kayan gwanjo ko gidan renon yara. Janye kaya ihu ne bayan hari, kuma an san cewa kayan da ba su da tsada kaɗan ne daga cikinsu ke komawa hannun kamfani.

Da hankali ya koma kan hukumar da ya kamata ta tare kayan tun kafin su shiga gida, sai aka tarar da ita a raunane. An kafa CPSC da dokar shekarar 1972, kuma a wajen 1980 tana da ma'aikata kusan dubu ɗaya, amma zuwa 2007 sun ragu zuwa kimanin 400, a daidai lokacin da kayan da ake shigowa da su suka ninka sau da yawa. Jaridu sun ruwaito cewa mutum ɗaya ne tak aikinsa na dindindin shi ne gwada kayan wasa ta hanyar jefa su ƙasa. Hukumar ba ta gwada kaya kafin a sayar, tana jiran kamfani ne ya kai rahoton kansa cikin sa'o'i 24 da gano haɗari. Mattel kuwa an taɓa cin sa tara kan jinkirin kai irin wannan rahoto, dala miliyan 1.1 a shekarar 2001 kan motocin Power Wheels, da dala 975,000 a farkon 2007 kan wani abin wasa na Fisher-Price. Iyakar tarar da doka ta ba hukumar damar yankewa ba ta kai dala miliyan biyu ba, ga kamfanin da cinikinsa a shekarar ya kusan dala biliyan shida.

Kafin shekarar ta ƙare aka sami wani lamari da ya tabbatar cewa matsalar masana'anta ita ma gaskiya ce. A watan Nuwamba aka janye Aqua Dots kimanin miliyan 4.2, ƙananan duwatsun ado da ke mannewa da juna idan an fesa musu ruwa, waɗanda a Ostireliya ake kira Bindeez. Masana'antar ta musanya sinadarin da aka tsara da wani mai araha, wanda idan ya shiga jiki yake rikiɗewa ya zama ƙwayar GHB mai gusar da hankali, kuma yaran da suka haɗiye duwatsun sun suma. A nata ɓangaren, gwamnatin Sin ta sa hannu kan yarjejeniya da Amurka a watan Satumba cewa za ta hana amfani da fenti mai dalma a kayan wasan da ake kai wa ƙasar, sannan ta dakatar ko ta soke izinin fitar da kaya na masana'antu fiye da 700 a Guangdong. Masu masana'antun sun yi ta kokawa cewa manyan kamfanoni da manyan shaguna suna matsa musu kan farashi duk shekara, alhali kuɗin roba da albashi suna hawa. Wannan ba ya wanke wanda ya sa guba a fenti, amma yana bayyana dalilin da ya sa aikin yake ta gangarawa daga hannu zuwa hannu har ya kai ga wanda ba a san shi ba.

Amsar da Amurka ta bayar ita ce dokar inganta lafiyar kayan masarufi, wadda Majalisar Wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 424 da 1, Majalisar Dattawa da ƙuri'a 89 da 3, kuma Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu a ranar 14 ga Agusta 2008, shekara ɗaya cif bayan babbar janyewar Mattel. Dokar ta rage iyakar dalma a fenti daga kashi 600 zuwa 90 cikin miliyan, ta kuma kafa iyaka ga dalmar da ke cikin jikin kayan yara, wadda ta sauko mataki-mataki har zuwa kashi 100 cikin miliyan a 2011. Ta hana wasu sinadaran da ake tausasa roba da su. Ta wajabta a gwada kayan yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa a ɗakin gwaji da aka amince da shi kafin a sayar, ta mayar da ƙa'idojin kayan wasa da a da na ganin dama ne suka zama tilas, har da na maganaɗisu, ta kuma tilasta buga alama a jikin kaya mai nuna wanda ya ƙera, da inda aka ƙera, da lokacin da aka ƙera. Iyakar tara ta tashi zuwa dala miliyan 15, kuma a 2011 aka buɗe rumbun bayanai a intanet inda jama'a ke shigar da koke kan kaya kowa ya gani. Mattel ya biya jihohi 39 dala miliyan 12 a ƙarshen 2008, sannan ya biya CPSC tarar dala miliyan 2.3 a watan Yuni na 2009.

Babban abin da dokar ta sauya shi ne ta ɗauke nauyin bincike daga kan uwar da ke riƙe da sandar gwaji ta ɗora shi kan mai shigo da kaya, kuma wannan sauyi ne na gaskiya. Sai dai nauyin bai faɗa daidai ba. Kuɗin gwajin kowane samfuri ba ya girgiza kamfanin da ke sayar da miliyoyi, amma ya kusan durƙusar da masu sassaƙa kayan wasa na katako a gida, da masu ɗinka tufafin jarirai, da shagunan gwanjo, waɗanda ba su da hannu a abin da ya faru. Dokar ta kuma buɗe ƙofa ga kamfani ya yi amfani da ɗakin gwajinsa idan hukuma ta gamsu cewa ɗakin yana da 'yancin kansa, kuma Mattel na cikin na farko da suka sami wannan izini a 2009. Sai a watan Agusta na 2011 majalisa ta yi gyara don sassauta wa ƙananan masu sana'a.

Maganaɗisu kuma sun dawo ta wata ƙofa, a matsayin ƙananan ƙwallaye da ake sayar wa manya don ado a kan tebur, waɗanda ƙa'idar kayan wasan yara ba ta shafa ba, yara kuwa suka ci gaba da haɗiye su. CPSC ta kafa ƙa'idar hana su a 2014, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a 2016, kuma sai a 2022 hukumar ta sake kafa wata. Dokar 2008 an gina ta ne a kan zaton cewa kowane kaya yana da mai shigo da shi a cikin Amurka, mai ofis da suna, wanda za a iya tuhuma kamar yadda aka tuhumi Mattel. Yau kaya da yawa suna fitowa ne daga ƙananan 'yan kasuwa na ƙetare ta shafukan ciniki na intanet, wani lokaci a ƙunshi ɗaya kai tsaye zuwa ƙofar gida. A watan Yuli na 2024 CPSC ta yanke cewa Amazon mai rarraba kaya ne a idon doka, don haka alhakin janye kaya masu haɗari fiye da 400,000 da wasu 'yan kasuwa suka sayar ta shafinsa yana wuyansa, cikinsu har da kayan barcin yara da suka kasa cika ƙa'idar kamun wuta. Kamfanin ya ƙi amincewa da wannan matsayi, ya kuma maka hukumar a kotu a watan Maris na 2025.